Tafkin Chadi: Kafin a jawo ruwan Kwango, a daidaita wanda ke hannu

Ranar 22 ga Mayu 1964 shugabanni huɗu suka haɗu a Fort Lamy, birnin da yanzu ake kira Injamena, suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta haifi Hukumar Tafkin Chadi. Ahmadu Ahijo ne ya zo daga Kamaru, Tombalbaye na Chadi shi ne mai masaukin baƙi, Diori Hamani daga Nijar, sai Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Najeriya. Daga baya Afirka ta Tsakiya ta shigo, Libiya ma ta biyo a 2008. Daga cikin alkawuran da suka ɗauka tun ranar farko akwai cewa babu ƙasar da za ta taɓa ruwan da ya haɗa su ta yadda zai shafi maƙwabciya sai ta sanar da hukumar, an yi shawara. Yau shekara sittin da ɗoriya ke nan, kuma duk wanda ke bin tarukan da ake yi a kan tafkin ya haddace yadda jawabai ke tafiya. A buɗe da cewa a 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, a ce ya koma ƙasa da 2,000, a yi jimami, a rufe da kiran duniya ta kawo kuɗi a jawo ruwa daga Kwango. Ra'ayina shi ne wannan mafarkin ya zama mafakar gwamnatocin yankin. Aikin haɗin gwiwar da ke gabansu, wanda kuma suke da ikon yi da kuɗinsu, shi ne su auna ruwan da ke akwai, su riƙa gaya wa juna gaskiyar abin da suka auna, su daidaita lokacin buɗe madatsu da rufe su. Wannan aiki ba shi da bikin aza harsashi, shi ya sa aka bar shi.

Ya kamata a fara gyara labarin da ake bayarwa. Tafkin Chadi faffaɗan faranti ne marar zurfi, mafi yawansa bai wuce 'yan mitoci ba, saboda haka ƙaramin sauyi a yawan ruwan da ke shigowa kan janye bakinsa kilomitoci masu yawa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Logon yake zuwa, su kuwa suna ɗebo shi ne daga tuddan Afirka ta Tsakiya da Adamawan Kamaru. A farin 1973 tafkin ya rabu biyu, kwarin kudu da kwarin arewa, da tudu mai ciyayi a tsakani, kuma a farin shekarun 1980 kwarin arewa, wanda Nijar da wani ɓangare na Borno ke dogaro da shi, ya ƙafe ƙurmus har sau da dama. Alƙaluman da ake maimaitawa suna gwada shekarar cika ce da shekarar fari mafi muni. Hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru ashirin ɗin nan sun nuna cewa tafkin ba ya kan hanyar ɓacewa: kwarin kudu ya tsaya da ƙafarsa, na arewa yana samu yana rasawa, kuma a 2022 da 2024 abin da ya raba mutanen Chadi da arewacin Kamaru da Diffa da gidajensu ambaliya ce. Wanda ya ɗauka ciwon ƙishirwa ce kaɗai zai nemo ƙarin ruwa. Wanda ya gane cewa ciwon shi ne ruwan da ba a san ranar zuwansa ko yawansa ba zai nemo awo da sanarwa.

Mutanen bakin tafki sun daɗe da sanin haka, rayuwarsu ma a kai aka gina ta. Ruwan da ya sauka a kudu da damina ba ya isowa sai bayan watanni, don haka tafkin kan cika ne da sanyin hunturu, lokacin da sauran ƙasar Hausa da Borno suka bushe. A lokacin masunci ke kafa dumba, jerin gurar kamun kifi da ake gicciyawa a mashigar ruwa, ya kama tarwaɗa da ƙarfasa, a banɗare su a cika kwalaye, su bi ta Doron Baga da Maiduguri har Onica. Ruwa na fara ja da baya, manomi na bin sawunsa yana shuka masara da wake a danshin da ya bari, ba taki ba ban-ruwa. Yana kwashe amfani makiyayi ya shigo, Buduma da shanunsu na Kuri masu kumburarren ƙaho, Shuwa da Fulani da nasu garken. Fili ɗaya, sana'a uku, a shekara ɗaya, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin biyu daga ciki. Bakin ruwan da suke bi bai san iyaka ba. Bana yana Najeriya, baɗi ya koma Kamaru ko Chadi, kuma Kanuri da Hausawa da Kotoko da Jukun da suka zo daga Binuwai duk suna bin sa inda ya nufa.

Wannan bin ruwan ya taɓa jawo wa ƙasashen jini da shari'a. A 1983 sojojin Najeriya da na Chadi sun gwabza a kan tsibiran da janyewar ruwa ta fito da su. A shekarun da suka biyo baya masunta da manoma daga Najeriya suka bi ruwa har Darak, suka kafa ƙauyuka, hukumomin Borno suka bi su da makaranta da haraji, alhali a taswira wurin na Kamaru ne. Sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002, a cikin shari'ar nan da aka fi sani da ta Bakassi, sannan Najeriya ta miƙa ƙauyuka sama da 30 a ƙarshen 2003. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Hukumar Tafkin Chadi ce, bayan rikicin 1983, ta ɗauki nauyin shata iyakar cikin tafkin da kafa duwatsu tsakanin 1988 da 1990, aikin da ma'auna suka yi cikin laka da sauro ba tare da wani ya buga musu ganga ba. Tun daga lokacin ƙasashen huɗu ba su sake yaƙar juna a kan tsibiran tafkin ba. Wannan shi ne aikin hukumar da ya fi kowanne amfani, kuma irinsa ne nake cewa a koma wa.

A ɓangaren ruwa kuwa, alkawarin 1964 bai hana kowa yin gaban kansa ba. Najeriya ta zuba kuɗin man fetur a shirin noman rani na Kudancin Chadi da ke New Marte, da niyyar shayar da hekta kusan 67,000 da ruwan tafkin, aka haƙa doguwar mashiga, aka kafa injuna, aka gina gidajen ma'aikata. Kafin shirin ya kankama ruwa ya riga ya ja baya ya bar bakin mashigar a bushe, kuma bai taɓa noma ko kusa da abin da aka tsara ba. Kamaru ta gina madatsar Maga a 1979 tare da ganuwa a gaɓar Logon don noman shinkafa, sai fadamar Waza da Logon, wadda makiyayan ƙasashe uku ke kai shanu rani, ta daina samun ambaliyar da ke rayar da ciyawarta. Kifi ya ragu, garkuna suka watse suka faɗa gonakin wasu. A 1994 aka sake buɗe wata mashiga da ganuwar ta toshe, ruwa ya koma wani yanki na fadamar, ciyawa da kifi suka dawo cikin 'yan shekaru. Kuɗin wannan gyara bai kai ko ƙura ba idan aka gwada da na ginin, kuma ya nuna cewa ɓarnar da aka ɗora wa fari kaɗai akwai hannun injiniya a ciki.

Misalin da ya fi kusa da mai karatu shi ne Komadugu Yobe. Ruwan da wannan kogi ke zubawa cikin tafkin kaɗan ne idan aka gwada da na Shari, amma shi ne kogin da ke shiga kwarin arewa, kuma a ƙarshen tafiyarsa shi ne iyakar Najeriya da Nijar. Tushensa a Kano da Bauchi da Filato yake. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, su biyun suka riƙe mafi yawan ruwan kogin Haɗeja. Kafin su, kogin kan yi toroƙo da damina ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, da rani kuma ya bushe. Bayan su sai ambaliyar damina ta ragu, ruwa kaɗan kuma ya riƙa tsiyaya duk shekara domin Kano da gonakin Kadawa. Wannan ruwa da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kachala ke so. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, kogin ya rasa hanyar gabas ya karkata ya kwanta a kan gonaki da ƙauyukan da ke tsakanin Marma da Nguru, tsuntsayen jan-baki suka samu wurin kwana suna faɗa wa gero da shinkafa. Mutumin Guri yana kukan ruwa ya cinye gonarsa, na Gashuwa da Gaidam yana kukan bai iso ba. Shi kuwa manomin tattasai a Diffa, wanda amfanin gonarsa ke cika buhuna a kasuwannin Maiduguri da Kano, yana can ƙarshen layi, kuma ba shi da ɗan majalisa a Abuja. Tun farkon shekarun 1990 binciken masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malale fadamar Haɗeja da Nguru, idan aka haɗa kifi da noma da itacen da yake samarwa, ya fi wanda aka karkatar zuwa shirin noman rani na Kogin Kano riba nesa ba kusa ba. An san wannan shekara talatin da suka wuce.

Nan ne ya kamata 'yan Najeriya su ɗan sassauta murya. Duk shekarar da Binuwai ya cika, sunan da ke bakin kowa shi ne Lagdo, madatsar da Kamaru ta gama a 1982 a sama da Garwa. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan 2 da muhallinsu, a 2022 ta kashe sama da 600, kuma duk lokutan biyu an nuna Kamaru da yatsa, duk da cewa madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa don tarbar ruwan har yau tana takarda, kuma ma'aikatar ruwa ta Najeriya da kanta ta ce mafi yawan ruwan 2022 saman da ya sauka cikin ƙasa ne. Abin da Najeriya ke nema daga Kamaru daidai ne: a sanar da wuri, a saki ruwa kaɗan-kaɗan, a bari ma'aikatanmu su ga alƙaluma. To, abin da mutumin Diffa ke nema daga Tiga da Challawa ke nan, shi ne kuma abin da mutumin Maraɗi ke nema daga madatsar Jibiya da ke riƙe ruwan Gulbin Maraɗi. Ba ma sai an ƙirƙiro sabuwar takarda ba. A watan Yuli 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan koguna huɗu da suka haɗa su, Komadugu da Gada mai zama Gulbin Maraɗi suna ciki, ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar mai mazauni a Yamai tun 1971. Ƙasar da take ƙasan kogi a wani wuri, saman kogi a wani, ita ce ta fi kowa buƙatar doka ɗaya mai hawa kan kowa, domin duk hujjar da ta kafa don ƙin sakin ruwa ga Nijar, Kamaru za ta iya ɗauka ta mayar mata.

Haɗin gwiwar da nake nufi ga shi a fili. Ma'aunan ruwa a kan koguna, daga Sarh da Bongor zuwa Wudil da Gashuwa da Diffa, masu aiki kullum, da ma'aikacin da ake biya albashi ya karanta su. Alƙaluman su tafi wuri ɗaya da kowace ƙasa za ta gani a rana ɗaya. Jadawalin sakin ruwa na kowace babbar madatsa a tsara shi kafin damina, a buga shi, a karanta a rediyo da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa da Fulatanci. A tsayar da mafi ƙarancin ruwan da dole ya wuce kowace iyaka da rani, da ambaliyar da za a saka da gangan don fadamu. Ƙa'idojin sanarwa da musayar alƙaluma da ƙayyade ɗiban ruwa suna cikin Kundin Ruwa da shugabannin hukumar suka amince da shi a Injamena a 2012. Abin da ya rage shi ne majalisu su sa wa aikin kuɗi a kasafi, ƙasashe su biya gudummawar da hukumar ta sha kukan ana riƙe mata, a daina jiran Jamus ko Bankin Duniya su sayi sandar awo. Shiri da kuɗin baƙo yana mutuwa ranar da baƙon ya tafi.

Masu goyon bayan jawo ruwa za su ce wannan duk rabon talauci ne, kuma maganarsu tana da nauyi. Mutanen da ke dogaro da tafkin da kogunansa sun kai miliyoyi da dama, suna ƙaruwa da sauri, kuma ba a raba abin da babu. Shirin Transaqua, wanda kamfanin Bonifica na Italiya ya zana shekara arba'in da suka wuce, ya tanadi magudana mai tsawon kilomita 2,400 da za ta tare rassan kogin Kwango ta kawo har kubik mita biliyan 100 a shekara zuwa Shari. A taron Abuja na Fabrairu 2018 an ɗaga shi sama, ana maganar kuɗi wajen dala biliyan 50. Akwai kuma ƙaramin shiri na ɗebo ruwan Ubangi ta madatsa a Palambo, wanda wani kamfanin Kanada ya yi nazari a kai ya ga zai yiwu. Amma ruwan na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ne, wadda ba ta cikin hukumar, kuma 'yan majalisarta sun fito fili sun ce ba su yarda ba, suna tsoron abin da zai samu madatsun Inga da zirga-zirgar jiragen ruwa. Ubangi kansa ruwansa ya ragu tun shekarun fari. Magudanar za ta ratsa gabashin Kwango da Afirka ta Tsakiya, inda gwamnatocin kansu ba su da cikakken iko. Ko da an kawar da waɗannan duka, akwai tambayar da ba a yi wa mutanen tafkin ba: idan ruwa ya koma matsayin 1963 ya zauna, ina za a kai dubban iyalan da ke noma a gindin tafkin yau, kuma me zai maye gurbin hawa da saukar ruwan da noman ja-da-baya da haihuwar kifi suka dogara a kai? Sannan ƙasashen da suka kasa daidaita ƙofofin Tiga da manomin Diffa, da wace dabara za su raba ruwan da ya ninka na Shari? Idan Transaqua zai taɓa yiwuwa, sai hukumar ta fara nuna wa Kinshasa cewa tana iya riƙe amanar ƙaramin kogi.

Wasu kuma za su ce sama ce ke da magana, sauyin yanayi ne, kuma ƙasashen da suka ɓata duniya da hayaƙi su ne ya kamata su biya. Gaskiya ne cewa raguwar damina a shekarun 1970 da 1980 ita ce babban dalilin janyewar tafkin, gaskiya ne kuma cewa Sahel na ɗanɗana kuɗar laifin da ba nata ba. A nemi diyyar, da babbar murya ma. Sai dai abin da sauyin yanayi ke kawowa yankin yanzu shi ne ruwa mai sauka da ƙarfi cikin ɗan lokaci, da rani mai zafi, da shekarun da ba a iya hasashensu. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, ya kai fadar Shehu da asibitin koyarwa da kasuwar Monday. Irin wannan yanayi shi ne ya fi kowanne buƙatar awo da gargaɗi da duba lafiyar madatsu, kuma babu wani taron duniya da zai yi wa ƙasashen wannan.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsaro. Wa zai je karanta ma'aunin ruwa a Malam Fatori ko Bosso alhali tsibiran na hannun 'yan Boko Haram da ISWAP? Tun 2015 ƙarfin hukumar ya koma kan rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a Injamena, kuma babu mai cewa kada a yaƙi masu kashe mutane. Amma rundunar kanta shaida ce a kan gwamnatocin: da suka ga wuta ta kai gemu, cikin watanni suka amince sojan wata ƙasa ya tsallaka iyaka, suka samo kuɗi, suka yi musayar bayanan sirri. Ƙasashen da suka iya musayar sirrin soja ba su da hujjar ɓoye wa juna tsayin ruwa a bayan madatsa. Bayan haka, mafi yawan wuraren da ake yanke hukuncin ruwa ba fagen daga ba ne. Tiga da Challawa suna Kano, Maga da Lagdo suna hannun gwamnatin Kamaru. Kuma barin maganar abinci a baya ya yi wa tsaron kansa illa. Lokacin da aka hana kamun kifi da cinikin tattasai a Diffa a 2015, aka kwashe mutane daga tsibirai, aka rufe hanyar Baga, masuncin da bai da wata sana'a ya koma tafkin a ɓoye yana biyan haraji ga masu bindiga, domin su ne suka rage masu ba da izinin shiga ruwa. Gwamnatin da ke son karɓe tafkin daga hannunsu sai ta zo da abin da ya fi nasu: izinin kamun kifi da ake girmamawa a ƙasashe huɗu, burtalin da aka sani, haraji ɗaya maimakon na soja da na jandarma da na kwastan a kowace gaɓa.

Saura masu cewa babu ƙasar da za ta bari wata hukuma ta riƙe mata makullin madatsa. A yammacin Afirkan nan aka yi. Mali da Muritaniya da Senegal sun kafa hukumar kogin Senegal a 1972, a tsakiyar farin da ya raba Tafkin Chadi biyu, Gini ta shigo a 2006. Suka gina Diama a 1986 da Manantali a 1988 a matsayin dukiyar tarayya, bashin ginin na kowa, wutar da Manantali ke bayarwa ana raba ta bisa kason da aka amince, kwamitin ruwa na zama ya tsara abin da za a saka. Ba su tsira daga kuskure ba: madatsun sun cutar da noman fadama, sun kawo tsargiya da ciyawa irin ta kachala, kuma rikicin ƙasar noma a bakin kogin na cikin abin da ya haddasa faɗan Senegal da Muritaniya a 1989. Amma ko a lokacin da ƙasashen biyu suka yanke hulɗar jakadanci suna korar 'yan juna, hukumar kogin ba ta rushe ba, saboda kowa na da abin da zai rasa idan ta rushe. Hukumar Tafkin Chadi ta girme ta da shekara takwas, ba ta mallaki ko madatsa ɗaya ba, ba ta kuma da ta cewa a kan ƙofar ko ɗaya.

Wannan darasin ya fi gaggawa yanzu da zumuncin Najeriya da Nijar ya yi tsami. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, sai a Maris 2024 aka mayar. Jami'an Najeriya kansu sun sha faɗa cewa dalilin sayar wa maƙwabta wuta shi ne kada su tare kogin Kwara a sama da Kainji. Duk wanda ke mulki a Yamai, soja ne ko farar hula, ya ga abin da ya faru, kuma zai ƙara matsa wa aikin madatsar Kandaji. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, ta kuma sanar da janyewa daga rundunar tafkin a Maris na shekarar. Hukumomin ruwa suna cikin 'yan teburan da suka rage inda jami'an ƙasashen biyu za su zauna ba tare da wani ya zubar da girmansa ba. Sa ruwa ko wuta cikin takunkumin siyasa wauta ce ga ƙasar da manyan kogunanta biyu, Kwara da Binuwai, duk daga gidan wasu suke fitowa.

Akwai wani giɓi a cikin gida da za a iya toshewa ba tare da jiran kowa ba. Dandalin gwamnonin yankin tafkin, wanda aka fara a Maiduguri a 2018, ya haɗa Borno da Yobe da Adamawa da Diffa da takwarorinsu na Chadi da Kamaru, wato waɗanda rikici ya shafa. Kano da Jigawa da Bauchi, inda ruwan Komadugu ke tasowa kuma ake riƙe shi, ba sa teburin. Su kuma jihohi shida da suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu a 2006, babu Diffa a nasu teburin. Maganar madatsar Kafin Zaki a kan Jama'are, kogin da ya rage ba a tare ba, tana tasowa duk kakar zaɓe, Bauchi na so, Yobe da Borno na ƙi, ba a ko tambayar Nijar.

Kirana ga gwamnonin waɗannan jihohi da ma'aikatar albarkatun ruwa ta tarayya shi ne kafin damina mai zuwa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta buga jadawalin sakin ruwan Tiga da Challawa, a tsara shi da wakilan manoma da masunta da makiyayan Jigawa da Yobe da Borno, a gayyaci gwamnan Diffa ya turo nasa, a aika wa Injamena kwafi. Wannan ba ya buƙatar yardar Kinshasa ko rancen China, takarda ce da zama biyu da sa hannun minista. Ranar da Najeriya ta yi haka za ta iya zuwa Yawunde ta nemi irinsa a kan Lagdo da bakinta a buɗe.